Wata tara ina gyaran littattafai a hannun aminin Babana, ko kuɗin data bai taɓa ba ni ba

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 26, na karanta Hausa a jami'a, na gama bautar ƙasa bara. Tun ina makaranta ƙawayena masu rubuta labarai suke turo min in gyara musu, har na ji ba sana'ar da nake so kamar gyaran rubutu, in zauna a gida ina cin gashin kaina. Da na faɗa wa Babana sai ya haɗa ni da wani amininsa, dattijo ne da ya daɗe yana aikin edita a wani kamfanin buga littattafai kafin ya yi ritaya, yanzu marubuta da ƙungiyoyi suna kawo masa aiki gida. Watannin farko na ji daɗi ƙwarai, duk Asabar nakan je ya zaunar da ni ya bi abin da na gyara layi-layi. Daga baya zaman ya daina, sai dai ya turo min aiki ta WhatsApp, in gyara in mayar, shi kuma ya miƙa wa masu shi. Yau wata tara, littattafai shida na gyara, biyu sun fito, kuma sunansa ne kaɗai a shafin godiya. Ban da turmin atamfa da ya ba ni da ƙaramar sallah, ko kuɗin data bai taɓa ba ni ba. Yanzu ɗaya daga cikin marubutan ta gano ni ce nake aikin, ta yi min magana a ɓoye in riƙa yi mata kai tsaye a kan rabin abin da take biyansa. Na kuma ga wani kwas na gyaran rubutu a intanet daga Ingila, suna ba da takardar shaida, amma kuɗinsa zai cinye duk abin da na tara daga alawus da adashi. Mama so take in karɓi koyarwa a wata makarantar kuɗi da ke unguwarmu in daina wahalar banza. Baba kuwa ya ce da haƙuri ake koyo, kada in ba shi kunya a wurin amininsa. Anti, ni butulu ce idan na ce na gaji? Wace hanya zan bi?

Ƙanwarki, daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ke ba butulu ba ce. Butulu ba ya fara lissafa alherin da aka yi masa kafin ya faɗi ƙorafinsa, ke kuwa zaman Asabar ɗin nan kika fara ambata tun kafin ki zo kan maganar kuɗi. Wadda ta yi wata tara tana ƙure ido a kan rubutun mutane, da datarta da cajin wayarta, tana da haƙƙin ta tambayi ina aka dosa. Gajiyarki a kan hanya take, kuma na ji daɗi da kika tsaya kika yi tambaya kafin ki amsa wa waccan marubuciya ko ki tura kuɗinki Ingila.

Akwai abu biyu da kika haɗa wuri ɗaya a wasiƙarki, ni kuma so nake in raba su. Ba a biyanki, wannan ɗaya. An daina koya miki, wannan na biyu, kuma shi ya fi damuna. Ɗalibin da ba a biya amma ana koya masa, musaya aka yi, ya ba da ƙarfinsa ya karɓi ilimi. Ranar da koyarwa ta tsaya aiki kuma ya ci gaba da zuwa, musayar ta koma gefe ɗaya. Littattafai shida kin gyara, to nawa daga ciki kika ga yadda suka kasance bayan sun bar hannun Malam, wato aminin Babanki? Idan ba ki gani ba, ba ki san ko ya amince da gyaranki ba ne ko ya sake warware shi da dare. Ba ki san kuskuren da kike ta maimaitawa tun littafi na uku ba. A sana'ar nan ilimin yana cikin takardar da aka dawo miki da ita ne. Lokacin da na fara aiki a ɗakin labarai, wanda nake ƙarƙashinsa da jan biro yake mayar min da aiki. Ba na mantawa da wani labari da na share na goge, babu ƙugiyar da ta ɓace, babu waƙafin da ya kauce, ya dawo min da shi da da'ira ɗaya tal a sakin layi na biyu, a gefe ya tambaya wa ya faɗi wannan maganar. Jimlar lafiyarta ƙalau, sai dai ta ɗora wa mutum zancen da babu wanda ya ji daga bakinsa. Tun daga ranar nake karanta kowace jimla sau biyu, sau ɗaya don harshenta, sau ɗaya don gaskiyarta. Irin wannan da'irar ce kika rasa tun da zaman Asabar ya mutu.

Mu yi wa Malam adalci kuma. Masu kawo masa aiki ba ke suka sani ba, sunansa suka biyo, sunan da ya yi shekaru yana ginawa, kuma in littafi ya fito da kwaɓa shi za a kira a waya, ba ke ba. Mai yiwuwa shi ma haka aka koya masa, a zamaninsu yaro ba ya tambayar ubangidansa kuɗi, jira yake a ga ya isa a sallame shi. Ta yiwu ya daina bin aikinki layi-layi ne don ya ga hannunki ya faɗa, dattawanmu kuwa ba su cika yabo da baki ba, sai dai su ƙara maka nauyi. Ta kuma yiwu sauƙi ya samu ya miƙe ƙafa: ɗan fansho da ido ya fara gajiya, ga yarinya mai ƙwazo da ba ta taɓa buɗe baki ba. Duka biyun suna iya haɗuwa a mutum ɗaya ba tare da ya zama mugu ba. Har yanzu ba ki yi masa magana ba, saboda haka kada ki yanke masa hukunci a kan tambayar da ba a taɓa yi masa ba.

Baba ya yi gaskiya, da haƙuri ake koyo. Amma ko a shagon tela koyo yana da ranar yaye. Yaro yakan fara da guga da sa maɓalli, ya zo yana haɗa hannu da wuya, har ranar da ubangida zai tara mutane a yi addu'a a sallame shi, wani ma ya haɗa masa da keke. Kafin wannan ranar ma ana ba shi na abinci da na mota. A tarihin rubutunmu, a nan garinku aka yi misalin da ya fi kowanne. Bayan gasar ƙagaggun labarai ta 1933, Dokta Rupert East ya ga hannun wani matashin malamin makarantar Midil ta Katsina, Abubakar Imam, ya sa aka aro shi ya zo Zariya a 1936 suka yi watanni suna aiki tare. Littafin da ya fito daga wannan zama, Magana Jari Ce, sunan Imam ne a bangonsa. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, shi aka ɗauko ya zama editanta. Koyon ya zo da wa'adi, ɗalibin ya fita da sunansa, daga baya kuma aka miƙa masa ragama. Abin da za ki nema ke nan a wurin Malam, daidai gwargwadonku.

Ta wurin Baba za ki fara, tunda shi ya ƙulla. Kada ki je masa da cewa Malam yana cutarki, da ya ji haka zai tashi kare amininsa, magana ta mutu a nan. Ki ce masa kina so ki san inda kika kai a koyo da lokacin da za a yaye ki, kina neman izininsa ki je ki gai da Malam ku yi maganar, in zai raka ki ma ya fi. Ki rubuta littattafan shida a takarda, kowanne da yawan kalmominsa da kwanakin da kika yi a kansa, ki nuna masa. Iyaye da dama ba su san nauyin aikin nan ba, gani suke yarinya tana kwance tana danna waya. In Baba ya ga lissafi a rubuce, da kansa zai yi shiru ya yi tunani.

A gaban Malam ki fara da godiya ta gaske, ki ambaci wani abu takamaimai da ya koya miki wanda har yau kike amfani da shi. Sannan ki roƙe shi ya riƙa dawo miki da kwafin ƙarshe na duk abin da kika gyara, ki ga inda ya taɓa, kuma ku dawo da zama ko sau ɗaya ne a wata. Wannan roƙon ba ya ɓata wa malami rai, galibi ma daɗi yake ji. In fuska ta sake, sai ki tambaye shi a ganinsa saura wata nawa ki tsaya da ƙafarki, ki kawo shawarar wata uku. Maganar kuɗi ki kawo ta a sarari amma a tausashe: data da caji da gyaran waya suna cin abin hannunki, ko zai yanka miki wani kaso a kowane aiki daga yanzu? Ki bar shi ya fara faɗin adadi. Kada ki tono na watannin baya, ki bar su a matsayin kuɗin makaranta, hakan zai sauƙaƙa masa amsawa ba tare da ya ji kunya ba. Abu na ƙarshe, wanda a wurina ya fi kason kuɗin daraja, shi ne suna. Ko dai a riƙa sa naki a ƙarƙashin nasa a littattafai masu zuwa, in marubucin ya yarda, ko ya rubuta miki takarda da sa hannunsa cewa kin yi aiki a ƙarƙashinsa tsawon wata kaza, kin gyara littattafai kaza. A kasuwar littattafan Hausa wannan takardar, da kiran waya ɗaya da zai yi ya ce a gwada ki, sun fi kowace shaida daga ƙetare buɗe ƙofa.

In kuma ya ƙi, ko ya ɗauki abin da zafi, ki kammala aikin da ke hannunki tsaf, ki miƙa, ki ce za ki ɗan dakata da karɓar sabo. Gaisuwar sallah da ta rashin lafiya kada su yanke, amincinsa da Baba ya girme ki. Malami kuma ba ɗaya ba ne a duniya. Akwai malamanki na sashen Hausa, akwai rassan Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda take nan tun 1981 kuma tana zaman karatu a jihohi da dama, akwai ƙungiyoyin marubutan Hausa maza da mata. Ko wata tsararki mai son sana'ar kika samu, ku riƙa gyara shafi ɗaya kowa ita kaɗai sannan ku kwatanta, za ki sha mamakin abin da idonki yake tsallakewa.

Ita kuwa marubuciyar da ta zo ta bayan gida, amsarta a'a ce, ƙanwata, kuma yau za ki ba ta. Ban ce muguwa ce ba, kuɗin takarda da ɗab'i sun yi wa marubuta nauyi, kowa sauƙi yake nema. Amma ta hannun Malam kika san ta, aikinta amana ce da ya damƙa miki. Duniyar marubutanmu ƙarama ce, zaure ɗaya na WhatsApp ya isa labari ya kai Sakkwato da Maraɗi kafin la'asar, kuma edita da aka ce ta zagaye malaminta ba wanda zai sake sakin jiki ya tura mata littafin da bai fito ba. Ki kuma lura da farashin da ta sa miki. Rabi ta ce. Aiki ɗaya, hannu ɗaya, amma rabin kuɗi, kuma haka za ta tallata ki a wurin ƙawayenta, ki shekara biyar kina fama da wannan rabin. Ki gode mata da ta yaba aikinki, ki ce aikinta ta hannun Malam yake zuwa, in an yaye ki kuma ya amince sai ku yi magana. A zamanku da Malam ba sai kin ambaci sunanta ba, ki tambaye shi kawai yadda yake gani in wani daga cikin masu kawo masa aiki ya neme ki bayan yaye. Sau da yawa dattijo da kansa yake sakar wa ɗalibi ƙananan ayyukan.

Kafin ranar yayen ki auna kanki da kanki, don mutane da yawa suna ɗauka gyaran rubutu shi ne sa ƙugiya da raba kalma. Wannan ma ba ƙaramin aiki ba ne. Marubucin da ya rubuta "ta bata masa kafa" ya bar mai karatu yana lalube, kuma baki da baƙi, kasa da ƙasa, kare da ƙare ba ɗaya ba ne. Dole hannunki ya saba da cewa "yana" da "yake" a haɗe suke, "za ka" a rabe, "gidansu" a haɗe, "ne" da "ce" kuma su tsaya su kaɗai. Dole ki san cewa inda mu muke rubuta 'ya'ya, a Nijar da harafi mai ƙugiya, ƴ, ake rubutawa, saboda ranar da marubuci daga Damagaram zai turo miki aiki kada ki yi masa gyaran da ba kuskure ba. Amma duk wannan hawa ɗaya ne daga cikin hawa huɗu. Akwai duba ginin labarin kansa: ina ya yi tsawo, ina aka manta da wani tauraro, shin abin da ya faru a babi na goma sha biyu yana da tushe a babi na uku? Akwai gyaran jimla da salo, inda ake sassauta abin da ya cushe ba tare da an shafe muryar mai shi ba. Sai na ƙa'idojin rubutu, sai karatun ƙarshe bayan an tsara shafuka, inda ake farautar lambar shafin da ta maimaitu da layin da ya faɗi. Ki tambayi kanki wanne daga ciki kike yi wa Malam, wanne kuma ba ki taɓa taɓawa ba, sai ki nemi watanni ukun nan su cike giɓin.

Ga wata al'ada da nake so ki ɗauka tun daga littafin da ke hannunki yanzu. Ki buɗe takarda daban, duk sunan da ya bayyana ki rubuta shi da shekarunsa da danginsa da garinsa da shafin da aka fara ambatarsa, haka ma duk kalmar aro da yadda marubucin ya zaɓi rubuta ta. Da ita za ki kama Hajiyar da take da 'ya'ya uku a shafi na 12 ta wayi gari da huɗu a shafi na 140, ko amaryar da aka ɗaura wa aure da hunturu aka kai ta bayan kwana bakwai cikin ruwan sama. Marubutan da suke sakin labari kashi-kashi a waya sun fi faɗawa cikin wannan, don wata shida ne tsakanin farkon labarin da ƙarshensa. Kuma ki kiyaye bakin taurari. Idan tsohuwa Basakkwaciya ce a labari ta ce "tahi" ko "mi", ba kuskure ba ne, ita ce haka, in kika mayar da ita Bakanuwa kin kashe ta. Daidaitacciyar Hausa ta mai ba da labari ce, zancen taurari nasu ne. Inda kika yi shakka kada ki goge, ki ajiye tambaya a gefe. Word da Google Docs duka suna da hanyar da kowane gyara zai fito fili mai rubutu ya karɓa ko ya ƙi, ki ƙware a kanta sosai, don marubuci yana son ya ga abin da aka yi wa ɗansa. Ki mallaki Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, ki san hanyar duba na Bargery na 1934 don tsofaffin kalmomi, ki ajiye littafin ƙa'idojin rubutu na darasinku na jami'a kusa da hannu.

Yanzu kwas ɗin Ingila. Ban raina karatu ba, kuma akwai cibiyoyi na gaske a can, irin su CIEP, ƙungiyar masu gyaran rubutu ta Birtaniya wadda asalinta ya faro tun 1988. Akwai kuma waɗanda takarda mai ado kawai suke sayarwa, don haka suna da hoton tuta ba su isa shaida ba. Amma ko na gasken ne, gyaran Turanci yake koyarwa bisa al'adar ɗab'in can. Ba zai gaya miki ko "a kan" da "akan" ɗaya ne ba. Tambayar da za ki fara amsawa ita ce wace kasuwa kika nufa. In littattafan Hausa ne da fassarar ƙungiyoyi da rubutun kafafen labarai, to kuɗin adashinki sun fi amfani a kan kwamfuta mai riƙe caji, ko da ta hannu ce, da abin ajiyar wuta, don gyaran littafi mai shafi ɗari uku a waya yana cin ido kuma yana ɓoye kuskure. In kuma kina da burin gyaran Turanci ga mutanen waje, Turancinki kuma ya kai, to kwas yana da wurinsa, sai dai ba yanzu ba kuma ba da duk jarinki ba. Ki bari aikin ya fara kawo kuɗi, ki ware wani abu daga ciki, ki fara da ƙaramin darasi ɗaya. Kafin ki biya ki tambaye su abu guda: akwai mutum mai rai da zai duba aikina ya dawo min da shi da gyara? In bidiyo ne kawai da tambayoyin zaɓi-ɗaya, kin riga kin samu abin da ya fi shi a falon Malam.

Mama kuma kada ki ji haushin kalmar wahalar banza. Wata tara ta gani ba ta ga ko sabulu ba, tsoro ne ya yi magana. Ni a ganina ki karɓi koyarwar. Mai cin gashin kansa wata ɗaya aiki ya yi masa yawa, wata biyu shiru, kuma wanda ba shi da na cefane shi ne yake karɓar rabin farashi. Albashi ko kaɗan ne zai ba ki ƙarfin cewa a'a. Sai dai ki tambayi yawan azuzuwan da za a ba ki kafin ki amsa, don wasu makarantun kuɗin sukan jibga wa malami ɗaya darussa har ya koma gida da buhun littattafan dubawa. Ki tsare yammacinki da ƙarshen mako da hutun zango, ki gaya wa Mama shekara ɗaya kike so ki gwada haɗa biyun, sannan ku zauna ku duba lissafi tare.

Masu ba ki aiki na kanki kuwa suna nan kusa: ƙawayen nan da kika saba yi wa kyauta. Su ba na Malam ba ne, naki ne tun jami'a. Ki sanar da su kin mayar da abin sana'a. Sabon mutum ki gyara masa kalma dubu ɗaya kyauta ya ga hannunki, ke ma ki ga irin rubutunsa, don wani shafi ɗaya nasa sai ya ci awa guda. Ki sa agogo ki ga awa nawa kalma dubu take ɗaukarki, daga nan za ki fitar da farashi, kuma ki yi shi a kan yawan kalmomi, ba shafi ba, domin shafi ana iya matse shi da ƙananan haruffa. Duk aikin da za ki karɓa ki rubuta saƙo ɗaya mai ɗauke da irin gyaran da za ki yi, da kuɗin, da ranar miƙawa, da sau nawa za a iya dawo miki da shi, mai aikin ya amsa da cewa ya yarda. Rabin kuɗi kafin ki fara, sauran kafin ki tura kwafin ƙarshe, ko da 'yar uwa ce. Lokacin gasa, irin Hikayata ta BBC Hausa da ake yi wa mata tun 2016, za ki ga ana ta nemanki, to ki karanta sharuɗɗan gasar tukuna, kuma ki tsaya a gyaran harshe, kada ki sake gina wa kowa labari. Haka ɗaliban da za su kawo kundin digiri, ki gyara musu rubutu, amma wanda ya ce ki rubuta masa babi ki mayar masa da kuɗinsa. Littafin da bai fito ba kuma ko ƙanwarki ta ciki ɗaya kada ki tura wa don ta ɗanɗana, babi ɗaya in ya fita ya shiga zaurukan waya, marubuciyar ta yi asarar cinikinta, ke kuma kin yi asarar sunanki. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, tana iya jira sai ƙungiyoyi sun fara neman takardar biya daga gare ki.

A wannan makon abu biyu kawai nake so ki yi. Ki tura wa marubuciyar nan amsarta, sannan ki zauna ki rubuta lissafin littattafan shida ki kai wa Baba bayan sallar isha'i, lokacin da ya ci abinci hankalinsa ya kwanta. In kun je wurin Malam, ki tafi da shafi goma na aikin da kika fi alfahari da shi, a buge a takarda, da sabon jan biro, ki ajiye masa a gabansa ki ce ya duba miki kamar da. Ki sake rubuto min in ji yadda kuka yi. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa wa hannunki albarka, Ya daidaita tsakaninki da Malam.